Mai Zagin Kotu

Peres Akumu, wadda duk kasuwar kifin Kisumu ke kira Nyar Seme, ba ta taɓa dukan kowa ba. Ba ta da bukata. Shekara talatin da huɗu tana sayar da ƙananan kifin omena a rumfa guda, kuma duk wanda ya ce kifinta na jiya ne sai ya koma gida ya duba madubi, don ya ga ko da gaske kansa ya yi kama da abin da ta faɗa.

Da bakin nan ta samu aikin hukuma. Wata Laraba wani mai ƙulla taye ya shinshina kifin, ya yamutsa fuska. Ta fara da takalminsa, ta yi sama a hankali, ko maɓalli ba ta tsallake ba. Kafin ta iso gemu mutumin ya duba hannunsa ya ga ya dunƙule. Ashe Mista Ogolla ne, jami'in da kotun yara ke tura wa masu ɗaurin talala, yana koya musu haɗiye fushi duk Asabar a zauren wani coci.

"Mama, kina da aiki ran Asabar?"

"Ina da shi. Kai ne da alama ba ka da shi."

Damuwarsa ɗaya ce. A darasin ƙarshe dole a tsokani yaro a ga ko zai kai hannu, shi kuwa Ogolla iyakar zaginsa "kai marar tarbiyya", sai yaran su yi hamma. Ga shi an samu gwana.

Tsarin ba wuya. A zana da'ira da alli, yaro ya shiga, Nyar Seme ta yi minti uku a kansa. Ya ƙirga goma da ƙarfi, ya ba da amsa da baki kawai. Wanda ya jure, Ogolla ya sa hannu a takardarsa, kotu ta sallame shi. Wanda ya zabura, a mayar wa majistare, daga nan sai gidan horon yara. Ladanta shayi da ƙosan fulawa biyu. Ta ce ko ba shayin ma za ta zo, shekara talatin tana yi kyauta.

Shekara shida ta yi a kujerar nan. Yaran da suka bi ta hannunta in sun gan ta a hanya sukan gaishe ta da hannu biyu, daga nesa.

Sai ga Owiti, jikanta, da takardar kotu.

Owiti ɗan shekara sha shida ne, a ɗakinta ya girma, kuma yana in'ina. Kalma kan maƙale masa a wuya, hannu kuwa ba ya maƙalewa. Wani ɗan acaɓa ya kwaikwayi maganarsa a tasha, kafin Owiti ya gama haɗa amsa hannunsa ya riga ya ba da ita, haƙora biyu a ƙasa. Majistare ta ce Asabar goma sha biyu, in ya faɗi, shekara uku a gidan horo.

Ana jibi gwajin Ogolla ya same ta a rumfa.

"Mama, wannan karon ki huta. Ni zan zage shi."

"Da me? Da marar tarbiyya?"

"To ki zo, amma ki sassauta."

"'Yan tasha za su sassauta? In ya wuce a bakinka ya faɗi a nasu, babbar kotu zai je, ba taka ta alli ba." Ta kori ƙuda daga kan kifi. "Saya za ka yi, ko inuwa ka zo sha?"

Ran Asabar Owiti ya shiga da'ira, hannu a baya. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Mijin nawa ke nan? Kunnuwa kamar an manta ƙofar mota a buɗe. In ka ga tuwon masara ko gaisuwa ba ka tsayawa yi masa, sai dai a yi masa ta'aziyya."

Yaran da ke benci suka tuntsire da dariya. Owiti ma ya murmusa, don wannan yakan ji shi kullum kafin karin kumallo. Minti biyu suka tafi a haka. Ogolla ya ɗauko biro, yana murna za a rabu lafiya.

Nyar Seme ta ajiye kofin shayi. Ta karkace baki, ta lumshe ido ɗaya.

"B-b-b-ba ka da b-b-baki ne, ɗan s-samari?"

Dariya ta ɗauke. Tun da aka haifi yaron ba ta taɓa yi masa wannan ba. Ta taɓa korar wani malamin makaranta har bakin titi a kan haka. Hannayen Owiti suka fito daga baya, ƙafarsa ɗaya ta taka allin.

"Ƙirga," in ji Ogolla, murya ƙasa-ƙasa.

Ya fara. Ɗaya ta fito lafiya. Biyu ma. A kan uku ya maƙale, jijiyar wuya ta miƙe, kowa na jira, uku ta ƙi zuwa. Da ta zo, takwas na can tana jiransa. Sauran yara kan gama goma a numfashi guda, su buɗe ido da sauran fushinsu. Owiti kafin ya kai goma minti ukun sun wuce har da ƙari, hannayen sun gaji da jira sun sauka da kansu.

Ogolla ya sa hannu. A rahoto ya rubuta cewa yaron ya nuna natsuwa ta musamman wajen ƙirga.

A hanyar gida Nyar Seme na gaba, Owiti na biye. Wani mai baro ya taka mata ƙafa ya wuce lafiya, har ya waigo don mamaki. Ƙosanta biyu na ƙulle a bakin zane, ba ta ci ba. Sai da suka kusa gida Owiti ya yi gyaran murya.

"Dani," haka yake kiran kakar tasa, "ba k-k-ki iya ba."

"Me ban iya ba?"

"A k-kan harafin 'ka' nake maƙalewa. Ba a k-kan 'ba' ba. Shekara sha shida k-kina ina?"

Ta tsaya ta yi tunani, da gaske ba ta sani ba.

"Ina sauraron abin da kake faɗa, shashasha," ta ce. Ta kwance bakin zane ta miƙa masa ƙosan duka biyu. "Ci, kar ka yi musu gaisuwa."