Mahaƙin Rijiya da Murjanin Teku

A tashar motocin Tsafe da ke Gusau, wani dattijo na zaune da naɗin igiya a kafaɗa, jar laka ta bushe a faratansa. Da gani mahaƙin rijiya ne, kuma igiyar ta kwana biyu ba ta ga aiki ba. Masu injin burtsatse sun cinye kasuwar.

Wata ɗaliba da ke gefensa na kallon bidiyo a waya, shi kuma yana ta leƙe. Murjani ne, irin mai tsirowa a can ƙasan teku, ya baje kamar faifai don ya tari ɗan hasken da ke isowa, jajayen kifaye na ratsawa.

"Ɗiyata, zurfin wurin nan gaba nawa ne?"

"Zai kai hamsin, Baba."

Sai ya ware hannuwa yana aunawa a iska. Ina jin rijiyoyinsa yake tunawa, inda sama ke komawa kamar bakin tulu.

"Ni a sha biyar na tsaya," in ji shi. "Can ma na iske kwaɗo da ƙibarsa. Allah ba Ya manta na ƙasa."

Ya gyara igiyarsa, ya ci gaba da jiran mota.