Inda Tanko Ya Shiga

A gidanmu na Bakori, in an sauke tuwo ba a kashe wutar murhu. Iya, mahaifiyar babanmu, ita ta hana. Takan jawo 'yar kujerarta gefen garwashi ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta da kwanuka a hannu tun kafin a kira isha'i. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, dole mutum ya matso in yana son ji. Ni maigida take ce mini, saboda sunan mijinta na ci, kuma ni ake zaɓar wa dankalin da bai ƙone ba.

Yawancin tatsuniyoyinta irin na kowa ne, na namun daji da 'ya'yan sarakai. Amma akwai ɗaya da ba ta buɗe ta yadda take buɗe sauran. Sai dai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ku matso ku ji inda Tanko ya shiga."

Tanko saurayi ne dogo mai wushirya, ba ya tafiya sai yana fito. Turawa suka kwashe shi da wasu samari a jirgin ruwa, suka kai su wani daji da ruwan sama ba ya ɗaukewa, aka ce su yaƙi mutanen Jafan. Ran nan ya je ɗebo ruwa a rafi, mutanen Jafan suka diro daga kan itatuwa suka kama shi. Har zuwa nan labarin ba ya canzawa. Daga nan ne kanmu ke ɗaurewa. Yau Iya ta ce a bakin rafin suka yanka shi. Gobe ta ce ai da suka ji fitonsa sai suka fasa, suka tafi da shi birninsu, wata tsohuwa mai sayar da alewa ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Takan kwatanta mana birnin: lunguna matsattsu da mutum biyu ba sa jerawa, kyanwoyi a kan katanga, mutane masu rusunawa in za su gaisa, kuma ba a shiga ɗakinsu da takalmi. Tanko yana son gida, amma duk lungun da ya bi sai ya maido shi ƙofar tsohuwar.

Wata rana na ce, "Iya, jiya fa kin ce sun kashe shi."

Ta ce, "Jiya ke nan, maigida. Yau bai mutu ba. Ci dankalinka."

Kowace tatsuniya tata tana ƙarewa da darasi, ban da wannan. Mu yara muka yanke wa kanmu cewa darasin shi ne kada mutum ya je rafi shi kaɗai.

Iya ta rasu ina jami'a. Na gama karatun injiniya, aiki ya kawo ni Doha, wajen harkar iskar gas, kuma na yi shekaru Tanko bai faɗo mini a rai ba. Sai da korona ta kulle mu a gida, a unguwar Matar Ƙadim, makarantu a rufe, 'yata Asma'u ta ishe mu da ƙorafin zaman ɗaki, na fara tono mata tatsuniyoyin Iya. Da na zo kan Tanko na ba ta duka biyun, yadda aka ba ni. Ta ɓata rai.

"Abba, wanne ne gaskiya?"

Na ce mata ba a tambayar gaskiya a tatsuniya. Ranar Juma'a da na kira babanmu a waya na ba shi labarin ina dariya. Shi bai yi dariya ba.

"Babana, wa ya ce maka tatsuniya ce? Tanko ai yayanta ne, ciki ɗaya. Kawuna ne. Yaƙin Bama aka kai shi tana yarinya."

Ya ce ba gawa, ba takarda. Cikin waɗanda suka dawo, wani ya rantse ya ga faɗuwarsa, wani ya ce kama shi aka yi da rai. Na tambaye shi birnin fa, da tsohuwa mai alewa? Ya ce, "Wannan ita ta ƙara. Kewa ce kawai. Ka bar zancen."

Na bar zancen a baki, amma ya zauna mini a ciki. Ashe mutum ne muke cin dankali muna sauraron mutuwarsa.

Lokacin gasar ƙwallon duniya da aka yi a Doha, wani abokin aiki ɗan Jafan, Hiroshi, wanda muka shekara biyu muna ganin juna ta kwamfuta kawai, ya zo kallon wasan ƙasarsu. Masauki ya yi wuya a gari, na sauke shi a gidana kwana biyar. Ya ci tuwo da cokali, ya koyi cewa yalla, wato "mu je" da Larabci, ya tafi yana roƙona in na zo Tokyo in neme shi. Bayan 'yan watanni ofis ya tura ni taro can. Ranar da aka tashi daga taron da wuri Hiroshi ya ce zai kai ni unguwar da aka haife shi in gaida mahaifiyarsa.

Tokyo da na gani a kwana ukun farko ta gilashi ce da dogayen benaye, ba ta da nisa da Doha a ido. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka, muka gangara wasu matakala, sai gari ya canza. Gidajen katako ne ƙanana, baƙi-baƙi don tsufa, tukwanen furanni jere a ƙofa. Wani dattijo yana gasa wani abu mai kama da gurasa a kan garwashi, ƙamshinsa ya cika hanya. Kekuna a jingine ba kwaɗo. Hiroshi ya ce wutar yaƙi da ta cinye yawancin birnin ba ta iso nan ba, shi ya sa mutanen Tokyo ma ke zuwa ranar hutu su tuna da. Muka karya cikin wani lungu, dole na koma bayansa domin ba ma jerawa. Na ɗaga kai, ga kyanwa kwance a kan katanga tana kallona.

Na tsaya cak. Ni mutum ne mai shekara arba'in da ɗoriya, aikina lissafi ne da awo. Na san lunguna matsattsu da kyanwoyi akwai su a Bakori ma, wataƙila unguwarmu Iya take kwatanta mana ta sa mata suna Jafan. Na san kuma tsofaffin sojoji sun dawo da labarai iri-iri. Duk na sani. Amma sai na kama kaina ina leƙa fuskar kowane tsoho da ya gifta, ina neman dogo baƙi mai wushirya, mutumin da in yana raye ya haura shekara ɗari.

"Lafiya?" in ji Hiroshi.

Na ce gajiya ce.

Mahaifiyarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, bayanta ya ranƙwafa. Shago gare ta a gaban gida, kwalabe jere cike da alewa kala-kala. Ta rusuna, na rusuna. Muka cire takalma muka shiga ciki, ta kawo koren shayi. A kusurwar ɗakin akwai wani ɗan kanta, da hoton saurayi cikin kayan soja, da turare, da 'yar tasa ta shinkafa a gabansa. Hiroshi ya ga ina kallo.

"Kakana ne, mahaifinta. A Bama ya mutu tana goye. Akwati aka kawo musu, da suka buɗe dutse ne a ciki."

Na riƙe kofin na rasa abin yi. In yi shiru, ko in faɗa? Wa ya sani ko wannan yaron na hoto da Tanko sun taɓa hangen juna ta bakin bindiga. Ban san lokacin da na ce, "Mu ma muna da namu a can" ba. Na ƙara da cewa yayan kakata ne, Hiroshi ya fassara mata. Ta ajiye butar shayin, ta dube ni, ta yi tambaya, Hiroshi ya juya mini.

"Ta ce me kakarka ta gaya muku game da mu?"

Labari biyu ne a bakina, kuma ban san wanne ne nawa ba. Na ce, "Ta ce wata tsohuwa a nan ta ba shi abinci."

Ta tambayi sunansa, na faɗa, ta maimaita sau biyu a hankali. Sai ta tashi ta ɗauko alewa ɗaya daga shago ta ajiye gefen tasar shinkafar, ta haɗa hannuwa ta sunkuyar da kai. Hiroshi ya raɗa mini cewa ta Tanko ce. Ni Musulmi ne, mu ba ma ajiye wa mamaci abinci. Na buɗe baki in ce a'a, na dubi bayanta a ranƙwafe, na rufe. Har yau ban san ko daidai na yi ba. A jirgin komawa na yi wa Tanko addu'a irin tamu, karo na farko a rayuwata.

Tun da na dawo Doha nake juya abin. Da ina yaro na ɗauka mantuwa ce ke sa Iya canza labari. Yanzu ina ganin ba mu take ba labarin ba, mu dai 'yan zaman rakiya ne. Ranar da zuciyarta ta iya ɗauka sai ta bar shi ya mutu, ranar da ba ta iya ba sai ta nema masa gida da mai ciyar da shi, ko da a wajen waɗanda ake cewa su suka kashe shi. Amma ko wannan ma ban tabbata ba, domin hakan bai bayyana mini yadda aka yi ta san da mai alewa ba.

Na kira babanmu na kwashe komai na gaya masa, da lungun, da hoton, da alewar. Na zaci zai yi mini faɗa a kan alewar. Bai ko taɓo zancenta ba. Sai ya gyara murya.

"Babana, da kake yawo a wajen, ba ka ga wani mai kama da mu ba? Ko cikin samari?"

Na ce, "Ban gani ba, Baba."

Ya ce, "To. Ai gari ne babba."