Ranar da Baffa Ya Ɗora wa Shanunsa Karkiya

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai taɓa abin da na gani a wani sitaj, wato horon aiki, da muka yi a Magarya, bayan babban farin nan na shekarun saba'in. Lokacin ina sabon ma'aikacin gona. Malaman jami'a ne suka zo daga Yamai don su koya mana noma da garmar shanu, mu ma'aikata tare da manoman da aka zaɓo daga ƙauyuka.

Cikin manoman akwai wani dattijo Bafillace daga wajen Dungas, kowa Baffa yake ce masa. Kafin fari, an ce idan garkensa ya nufi rijiya sai mutane su kauce. Fari ya cinye su, ya bar masa bijimai biyu kacal, wani fari da wani ja, su ya koro ya zo da su. Ba ya yawan magana. In an huta, sai ya tafi gindin gawo inda ya ɗaure su, yana cire musu kaska.

Da aka gama bayani a inuwa, aka fita fili don gwaji. Babban malaminmu, wanda muke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya ce kowa ya kawo shanunsa. Da layi ya zo kan Baffa, na ɗauko karkiya na nufi bijiman da saurina. Sai ya tare ni da sandarsa.

«Dakata, yaro. Wannan icen a wuyansu za ka ɗora?»

Na ce, «I mana, Baffa, ai shi ya kawo mu.»

Ya ce, «Uwar wannan farin, nononta ƴaƴana suka sha. Kakarsa kuwa mahaifina ne ya ba ni ita. Yau ni zan ɗaure shi yana jan ƙarfe kamar bawa?»

Wasu suka yi dariya. Bai dube su ba, ya kwance dabbobinsa ya kama hanya. Na ce wa Mushe damina ta ƙarato, a ba wani gurbinsa. Ya girgiza kai ya ce, «Mu karkiya muka gani, shi kuwa ƙarshen rayuwar da ya sani ya gani. Ku ajiye masa garmarsa.»

A lokacin ban gane ba. Ni a ganina sa dabba ce, garma kuwa ci gaba, me ya rage a tsaya tunani?

Bayan ƴan kwanaki, muna cikin aiki da hantsi, sai ga shi ya dawo da bijiman. Ya gaida Mushe ya ce, «Na je gida na tarar ganyen tafasa ake dafa wa jikokina, ko ƙwayar hatsi babu a ciki. Ba ni icen. Amma kada kowa ya taɓa su, ni zan ɗora.»

Mushe ya sa muka ja da baya. Baffa ya dafa wuyan farin, ya daɗe yana yi masa magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ɗora karkiyar, ya ɗaure igiyar da hannunsa. Mushe ya kama garma, Baffa kuma ya shiga gaba yana kiransu, suka bi shi ba duka ba tsawa. Kunyar farko ta fito a karkace, amma babu wanda ya yi dariya.

Da kaka na kai masa ziyara. Rumbunsa bai cika ba, amma gidan ana daka. Na ce, «Baffa, ka ga amfanin garma ko?» Ya ce, «Na gani. Sun ciyar da mu, Allah ya saka musu. Sai dai har yanzu ba na iya kallon wuyansu.»

Na yi shekaru ina koyar da manoma bayan wannan. Abin da na ɗauka shi ne, duk sabon abin da ka kawo wa mutum, komai alherinsa, akwai wani abu nasa da zai ajiye kafin ya karɓa. In ka ga ya tsaya, kada ka ce taurin kai ne. Ka ba shi lokaci ya yi ban kwana.