Maƙerin da Ya Ƙi Buɗe Ƙofa

Timothy mai rubuta allunan shaguna a unguwar Lokuwa da ke Mubi, Allah ya yi shi da baki. Tun yana ɗalibi ya kamu da son wani labarin zane na Japan, irin wanda ake kira manga, mai cike da dodanni da jini. Shagona na ɗinki yana jikin nasa, don haka na sha labarin har ya gundure ni.

A ciki akwai wani maƙeri da ya garƙame ƙofarsa ranar da dodanni suka faɗa wa gari, maƙwabta na bugawa ya ƙi buɗewa. Timothy ya tsani mutumin nan, har ya ɗauki sunan "Maƙeri" ya liƙa wa wansa Ya'akubu. Dalili kuwa, shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi kowa ya tsere, Ya'akubu ya cika kekensa na haya mai ƙafa uku da 'yan gida, ya wuce mutane a hanya suna ɗaga masa hannu, bai tsaya ba. Sunan ya bi gari har cikin coci. Ya'akubu ya sayar da keken. Ya koma noma a ƙauyen Mugulbu, shi da Timothy suka shekara takwas ko gaisuwa babu.

Bara aka haifa wa Timothy 'ya, Purity. Wata rana da kasuwa ta yi sanyi, ya sake buɗe labarin a waya. Na ji shagon ya yi tsit, abin da ban saba ji ba, sai na leƙa. Ya miƙo mini wayar, ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu. Can ƙasan zanen, inda idonsa ya saba tsallakewa don ɗokin ganin faɗa, ƙananan hannaye huɗu ne na yara riƙe da ƙafar maƙerin.

"Asta, ni ma ina cikin keken nan," in ji shi. "A bayansa na zauna. Ban ce ya tsaya ba."

Kunya ta hana shi ɗaga kai. Ni ma ta kama ni, don na sha yin dariyar sunan.

Ran Asabar ya tafi Mugulbu, ya tarar da Ya'akubu a gonar gyaɗa, ya durƙusa. "Yaya, ka yafe mini."

Ya'akubu ya ajiye fartanya. "Tashi. Ba sunan ne ke damuna ba. Mutum bakwai na wuce ran nan. Kai ma ka ƙirga?"

Da ya dawo, Timothy ya gaya mini bai ƙirga ba. Idonsa a rufe yake tun daga Lokuwa har bakin iyakar ƙasa.