Shekarar da Na Kwaso Ƙazuwa a Kwaleji

A zangon karatu na biyu a kwaleji na kamu da ƙazuwa. Muna da yawa a ɗakin kwanan ɗalibai, gadaje masu hawa biyu, katifun kuwa gadonsu muka yi daga waɗanda suka riga mu, sun yi baƙi, sun lotsa a tsakiya. Ruwa sai an bi layi a bohol. Ran da layin ya yi tsawo, mutum ya yi alwala kawai ya wuce aji. Da ƙaiƙayi abin ya fara tsakanin yatsuna, sai ƙananan ƙuraje suka feso, suka bi wuyan hannu, suka gangara ƙugu har wuraren da ba a faɗa.

A garinmu, Daudawa, ƙazuwa ciwon yara ne, yaran da ke birgima a ƙasa ba a yi musu wanka ba. Ni kuwa ga gemu ya fara tsirowa, ga riga ta sha guga. Akwai asibiti a cikin makarantar, amma mai duba marasa lafiya mace ce, kuma bencin jira ba ya rabuwa da 'yan matan ajinmu. Na taɓa zuwa har bakin ƙofa, na juyo. Sai na koma sa riga mai dogon hannu ko ana zafi. In za a gaisa, in miƙa bayan hannu kamar wanda ya taɓa ruwa.

A haka aka yi hutu, na dawo gida ana tsakar cire masara. Ran da na iso, bayan magariba aka fito da tuwo da miyar kuka ƙofar gida. Kwano ɗaya muke ci da yayana da wani ɗan gwaggona, abokin wasana, wanda ya zo daga Yankara taya mu aiki. Kowa ya wanke hannu. Ni sai na tashi na shiga gida na ɗauko cokali.

Ɗan gwaggon nawa ya dube ni, ya dubi cokalin, ya fashe da dariya.

"Kai jama'a, ku zo ku ga bature! Wata nawa ka yi a can har ka fara ƙyamar mu?"

Na ce ba haka ba ne. Ya ce to yaya ne? Baba na zaune a tabarmarsa gefe, yana jin mu. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Karatun ne ya hana ka sa hannu a kwano da 'yan'uwanka?"

Na sunkuyar da kai. Ban taɓa jin maganar da ta ƙona ni kamar wannan ba, amma a lokacin gara mini a ce girman kai gare ni da a ga hannuwana. Kwanaki aka yi haka, ina cin abinci ni kaɗai a ɗaki, Baba kuma in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice.

Inna ce ta kama ni. Wata safiya na laɓe bayan rumbu, na naɗe hannun riga ina susa da totuwar masara, har jini na tsattsafowa. Ban ji zuwanta ba. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Buɗe in gani." Na buɗe. Ta juya shi ciki da bai.

"Ƙazuwa ce. To shi ne mi? A kan wannan ka bari ubanka ke fushi da kai?"

Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ko sauraro na ba ta yi ba.

Washegari Baba ya goya ni a babur zuwa asibiti a Faskari. Ma'aikacin da ya duba ni ya sa na tuɓe riga, ya ba ni wani farin magani da ake shafawa daga wuya har tafin ƙafa, ya ce a dafa kayana a ruwan zafi. Ya ƙara da cewa in ba a yi wa duk 'yan ɗakinmu magani ba, ina komawa zan sake kwasowa. Da muka fito, Baba ya tsaya ya saya mini sabulu, ya miƙo mini yana kallon wani wuri, ya ce, "Da ka faɗa, ɗan nan." Iyakar abin da ya ce ke nan.

A tsakar gida Inna ta ɗora babbar tukunya ta dafa kayana duka, har gajerun wanduna, ta shanya su a igiya kowa na gani. Ƙannena mata suna wucewa suna danne dariya.

Da aka koma makaranta, faɗa wa 'yan ɗakinmu ya fi komai yi mini nauyi. Na daɗe ina juya maganar a baki, sai wata rana bayan la'asar na faɗe ta ina kallon ƙasa. Can wani ɗan Sabuwa da ke kwana a gadon sama ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini. Nasa ya fi nawa muni. Wani ɗan Ƙanƙara ya ce shi ya ɗauka shi kaɗai ne, har ya sha jiƙo a ɓoye. Kusan duk ɗakin muna da ita, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Tare muka tafi asibitin makaranta, muka cika bencin nan. Ranar Asabar muka fito da katifu muka baza a rana, muka hura wuta muna dafa kaya a wani tsohon duro, ɗalibai na wucewa suna nuna mu. Wani ya ce ga 'yan ɗakin masu kaɗa garaya, saboda yadda muke susa. Ƙazuwar ta warke kafin jarrabawa, amma sunan ya bi mu har muka gama makarantar.