Mako Bakwai Ina Riƙe da Saƙonnin Gari

Ni mai buga tafireta ce tun asali. A Kaduna na koya, wajen wata malama da ke yawo a bayanmu da rula a hannu. Ba sauri ta fi damuwa da shi ba, duba aiki ne. In kin gama shafi sai ki ɗora rula a ƙarƙashin layi, ki bi shi harafi bayan harafi har ki kai ƙasa. Da na biyo mijina birnin Greensboro na Amurka a farkon shekarun casa'in, wannan sana'ar ce ta samar mini aiki a ofishin wani sito da ke bayan titin Wendover. Lambobin kaya nake shigarwa a kwamfuta daga safe har la'asar.

Wata rana aka sauya kwamfutocin ofis, manaja ya ce mai so ya ɗauki tsohuwa. Na ɗauki ɗaya, haɗe da wani ɗan akwati mai jajayen fitilu da ake kira modem. Wani abokin aiki ya rubuta mini lambar waya a bayan takarda, ya ce in haɗa akwatin da layin gida in kira. Na kira. Akwatin ya yi ta ƙara da tsuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa, sannan ya yi tsit, sai ga rubutu yana saukowa yana yi mini maraba.

Ashe kwamfuta ce a ɗakin wani mutum, ya bar ta a kunne dare da rana. Mutum ɗaya ne ke iya shiga a lokaci guda, ya karanta abin da wasu suka bari, shi ma ya bar nasa, ya sauka ya ba wani wuri. Turawa suna ce wa abin BBS. A gidanmu allo muke ce masa. Ban yi wata shida ba na ce ni ma zan buɗe nawa. Mijina, wanda ke aikin jinya a wani asibiti, ya dube ni ya ce, "Maman biyu, ki wuni a gaban kwamfuta a wajen aiki, ki dawo gida ki sake zama a gabanta?" Amma shi ne ya je ya sa aka ja mana layi na biyu.

Allo shi kaɗai hirar 'yan gari ce kawai. Daɗin abin sai ka shiga ƙungiyar allunan da ke miƙa wa juna saƙo. Kowane allo yana da lambarsa. Abin da mutane suka rubuta a wuni, kwamfuta za ta tattara shi ta ɗaure a ƙunshi ɗaya, ta kira allon da ke riƙe da gari ta miƙa masa, ta karɓo nata. Shi kuma mai riƙe da gari ya kira na wani gari, wancan ya kira na gaba. Akwai awa guda kafin gari ya waye da ba a barin mutum ya shigo, kwamfutoci ne kawai ke kiran juna, mu muna barci. Saƙo yakan yi kwana biyu ko uku a hanya, amsa ma haka. Abin bai zame mini baƙo ba. Haka muke aika wasiƙa Kafanchan ina yarinya, a ba direba a tasha, shi kuma ya ba wani direban a mararraba.

Mai riƙe da garinmu wani tsohon Bature ne a unguwar Sedgefield, wanda ya yi ritaya daga aikin hawa turakun waya. Da na kira shi na ce ina son lamba, sai ya ce ba ya karɓar roƙo da baki. In ina so, kwamfutata ce za ta kira tasa da kanta ta kai masa takardar roƙon. Kwana tara na yi ina fama kafin ta kai. A rana ta goma na tashi na tarar da amsarsa, layi biyu, da lambata a ciki. Ranar da muka fara haɗuwa na kira shi Baba, ya tambayi ma'anarsa, na gaya masa, ya ce in ci gaba.

Mu goma sha ɗaya ne masu allo a ƙarƙashinsa, mukan haɗu sau ɗaya a wata a wani gidan abinci. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce 'yar Afirka. Ba wanda ya taɓa yi mini rashin mutunci, amma a zama uku na farko sai da aka tambaye ni ko mijina ne ke kula da na'urar. Wanda ya fi kowa magana a cikinsu wani mai shagon kayan mota ne, allonsa ne mafi girma a gari, layi huɗu gare shi. Ya san aiki, ba na ƙwace masa wannan.

Na kusan shekara biyu a cikinsu sai matar Baba ta kira ni wata Asabar, ta ce yana son ganina. Na same shi a kujera da bargo a cinya. Ya ce ranar Talata za a yi masa aikin zuciya, likita ya ce zai daɗe bai hau bene ba, na'urar kuwa a sama take.

"Ke za ki riƙe gari," in ji shi.

Na ce, "Baba, ga mai layi huɗu."

"Na sani. Shekara biyu na'urarki ba ta taɓa fashin awar saƙo ba. Kuma sau uku kina rubuto mini cewa kin ga wani abu ba daidai ba a rahoton da kwamfuta ke ajiyewa. Ke kaɗai ke karanta rahoton nan."

Ban amsa nan take ba, na ce zan yi shawara da maigida. Shi ya kawo ni, don haka a mota na gaya masa. Sai da muka wuce danja biyu sannan ya ce, "To a ina za mu ajiye ta?" Washegari bayan an tashi daga coci muka koma, muka sauko da na'urar, muka shimfiɗa mata bargo a kujerar baya. A kan teburin cin abinci ta zauna, mu kuma muka koma cin tuwonmu a falo, tagwayenmu suna murna an ba su damar ci a gaban talabijin. Na aika wa sauran goman sabuwar lambar da na'urorinsu za su riƙa kira. Tara suka amsa da fatan alheri. Mai kayan mota ya rubuto cewa in na ga abin ya fi ƙarfina, yana nan.

Mako biyu komai ya tafi daidai. Ina tashi, kafin in ɗora ruwan shayi, sai in duba rahoto in ga duk sun kira, an karɓa, an miƙa. In tafi aiki ina jin wani irin daɗi da ban gaya wa kowa ba. Ina shigar da lambobin katan-katan, ina tuna cewa duk abin da mutanen garin nan suka rubuta wa duniya jiya ta gidana ya bi.

A mako na uku saƙonni suka fara zuwa bibbiyu. Wani ya yi tambaya kan gyaran injin yankan ciyawa, sai ga tambayar sau biyu. Kwana biyu bayan haka ta zama sau huɗu. Ƙunshin da ke wucewa cikin minti goma ya koma cin kusan awa, wasu allunan ba sa ma samun layi. Ranar Juma'a mai kula da yankinmu gaba ɗaya, wani mutum a wani gari da ban taɓa gani ba, ya rubuto. Ya ce maimaicin ya fara isa wasu jihohi, daga Greensboro yake fitowa, in ba a gyara ba zuwa Litinin zai cire garin daga hanya har sai tsohon ya warke. A ranar kuma mai kayan mota ya rubuta a inda duk masu allo ke gani cewa ba laifin kowa ba ne, aikin ne mai nauyi, a kawo masa na'urar.

Na ji kunya ƙwarai. Na duba duk abin da na taɓa a na'urar Baba, ban ga inda na yi kuskure ba, amma a hannuna abin ya lalace. Mijina ya ce ko in kira asibiti. Na ce mutumin da aka buɗe wa ƙirji ba zan kai masa wannan ba.

A ƙasan kowane saƙo akwai wasu layuka da mai karatu ba ya gani sai mai allo. Duk na'urar da saƙo ya bi ta kanta sai ta ƙara lambarta a wurin, a jere. Ranar Asabar da safe na tura wa firinta waɗannan layukan na saƙonni kusan ɗari biyu, takarda ta yi ta fitowa tana naɗewa a ƙasa. Na yayyage ta, na share gefen tebur, na ɗauko rula da jan biro. Lambobi ne zalla, ƙanana, masu kama da juna. Na ware saƙonnin da suka zo sau ɗaya gefe guda, masu maimaici gefe guda, na shiga bi. Mijina ya kwashi yara suka tafi gidan wata Anti a gabashin gari don su bar ni.

Wajen azahar na gani. Duk saƙon da ya dawo, bayan lambata sai lambar mai kayan mota, sai wata lamba da ba ta garinmu ba, ta wani allo a jihar Virginia, daga nan ya zaga ya sake shigowa ta babbar hanya kamar sabo. Na'urar can tana taɓa wani abu a kan saƙon, shi ya sa tawa ba ta gane ta taɓa ganinsa. Na ja jan layi a ƙarƙashin lambobin nan biyu har sau arba'in da wani abu kafin in yarda da idona.

Na daɗe zaune da takardun. Raina ya so in rubuta a inda mai kayan mota ya rubuta, kowa ya gani. Na ma fara, na goge. Sai na ɗauki waya na kira shagonsa.

Na ce, "Kana karɓar saƙo daga wani allo a Virginia?"

Ya ce, "Na haɗa da su ne saboda ko ta kwana. In naki ya tsaya, kada gari ya zauna babu saƙo."

"Karɓa kawai kake yi, ko kana tura musu?"

"Karɓa kawai."

"Duba dai. Zan jira."

Na ji ya ajiye kan wayar a kan kanta, na ji yana sallamar wani mai saye, sannan ƙarar maɓallai. Ya daɗe. Da ya dawo muryarsa ta sauka. Ya ce ya bar ƙofar a buɗe ta fuska biyu bai lura ba, ya rufe yanzu. Ya tambaye ni yadda na gano. Na ce da rula. Ya ɗauka wasa nake yi.

Na rubuta wa mai kula da yanki cewa an sami hanya biyu da suka haɗu suka yi zobe, an rufe ɗaya, ya duba ranar Litinin. Ban ambaci kowa ba. Lahadi maimaicin ya ragu, Litinin babu ko ɗaya. Da yammacin ranar mai kayan mota ya rubuta da kansa a inda kowa ke gani, ya ce shi ne ya jawo, ni ce na gano, kuma na'urar ta zauna inda take. A zaman wata na gaba shi ya ja mini kujera.

Sai da Baba ya dawo gida ya fara takawa na kai masa takardun. Ya sa tabarau ya bi jajayen layukan ɗaya bayan ɗaya, matarsa tana cewa kada ya gajiyar da kansa. Da ya gama ya tambaya ko zai iya riƙe su. Na ce nasa ne.

Mako bakwai cif na'urar ta yi a gidanmu. Ranar da muka mayar da ita, Baba ya ce ba zai iya ɗaukar gari shi kaɗai kamar da ba, za mu raba. Alluna biyar za su riƙa kiran nawa, ni in miƙa masa. Haka muka yi har shekarun da intanet ta shigo gidaje, masu kira suka yi ta raguwa, allunan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani dogon jerin sunayen alluna na duniya baki ɗaya da ake sabuntawa duk mako, kowace na'ura tana da kwafinsa don ta san wa za ta kira. Juma'ar da ta biyo bayan rabon nan, sabon jeri ya iso. Na nemi garinmu, na ga layina ya hau sama, da alamar mai riƙe da wasu a gabansa, alluna biyar a jere a ƙarƙashinsa. Na buga shafin na ajiye a kan firij. Ranar Lahadi na neme shi na rasa. Bayan an tashi sujada na hango mijina a bakin ƙofar coci, ya zaro takardar daga cikin Littafi Mai Tsarki, dattawa uku sun kewaye shi. Yana nuna musu layin da yatsa yana bayani, rabin bayanin ba daidai ba ne. Na tsaya daga nesa da jakata, ban je na gyara masa ba.