Kamun Ƙafar da Na Yi wa Ɗana

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka yi mini aure. Ɗiyar ƙanwata ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana ko da ta fito da ɗaci. Sunan ɗana ba zai fito ba. Ɗan fari ne, tun da na haife shi ban kama sunansa ba, ba kuma yanzu da yake kabari zan fara ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mahaifinsa da ya riga shi.

Gidanmu yana bakin gari ne a nan Daura, katangarmu ta gabas tana kallon wani fili da samari ke buga ƙwallo. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, kiɗe-kiɗe da wasannin dandali suka ja baya, samari suka rasa wurin zuwa da yamma, sai filin nan ya cika. A cikin wannan yanayi wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi, ya kafa ƙungiya, ya ɗauko koci, ya sayo riguna masu lamba a baya. Ɗana yana cikin waɗanda aka fara da su. Bakanike ne, gyaran babur yake yi, yana da mata da 'ya'ya biyu, amma da an sallame la'asar sai ya rufe rumfa ya wanke baƙin mai ya nufi fili. Gola ne, wato mai tsayawa a bakin raga.

Mace ba ta zuwa kallon ƙwallo, balle ni da na binne miji. Amma ina hawa soro shanyar kuɓewa da barkono, daga can kuwa fili a tafin hannuna yake. Kuɓewata ta kan bushe tun da rana, ni dai ba na saukowa sai an busa usur na tashi.

Ba zan yi ƙarya ba a kan mamaci: bai iya sosai ba. Gajere ne, idan aka ɗaga ƙwallo sama ba ya kai ta, wani lokaci kuma ya kama ta suɓuce. Sau ɗaya na san an sa shi a wasa na gaske, da wata ƙungiya ta Zango, aka zura masa huɗu. Ya dawo gida yana dariya, ya ce, "Inna, yau na sha lugude." Daga nan ba a sake sa shi ba. Sai benci.

Amma ni na ga abin da masu kallon gasa ba su gani ba. Shi ke riga kowa zuwa. Ya kori awaki, ya bi bakin raga yana tsince tsidau da hannu, don a nan zai yi ta faɗuwa. Idan aka zo koyon bugu, 'yan gaba su jeru, kowa da ƙwallo a ƙafa, ɗaya bayan ɗaya su yi ta narka masa. Ya faɗi dama, ya tashi, ya faɗi hagu, ya tashi. Golan da ake ji da shi, wani dogon saurayi, ba a barinsa ya yi wannan, wai kada ya ji ciwo kafin ranar wasa. Ɗana ne na jin ciwo. Shi kuma dogon nan, lokacin da ya zo bai san yadda ake faɗuwa ba, da gwiwar hannu yake sauka, ɗana ne ya yi ta nuna masa har ya iya, ya kuma fi shi. Idan faɗa ya tashi tsakanin 'yan wasa, shi ke shiga tsakani, don ya girme su duka, "Yaya" suke ce masa.

Ni nake wanke masa kayan ƙwallo, don matarsa ta ce ita ba za ta iya da jar ƙasar nan ba. Kayan tirenin, wato na atisaye, su dawo kamar an tono su daga rami. Rigar ranar wasa kuwa ta dawo fes, ko zufa babu, in ɗauraye ta kawai don kada ya ga ban taɓa ta ba. Shekara bakwai haka. Ƙuguna biyu nasa sun yi kanta, na sha gasa masa su da ruwan zafi in shafa man kaɗanya.

To, sai ƙungiya ta yi ƙarfi, aka ce za su shiga gasar jiha, za a riƙa zuwa Katsina da sauran garuruwa. Aka ce akwai iyakar mutanen da za a yi wa rajista, ba kowa ba. Wata Laraba da yamma ina kan soro na ga koci ya zaunar da su a ƙasa, ya fito da takarda yana karantawa. Ba na jin abin da yake faɗa, amma duk wanda aka kira sai ya tashi ya koma gefe guda. Aka yi ta tashi, aka yi ta tashi, har koci ya ninke takarda. Mutum huɗu suka rage a zaune. Ɗana yana cikinsu. An kawo wani sabon gola daga Kano ya zama na biyu.

Ya shigo gida, ya yi alwala, ya ci tuwo. Na ce, "Yau ba labari?"

Ya ce, "An cire ni, Inna. Daidai ne kuma. Na Kanon nan ya fi ni."

"Shi ke nan ka daina zuwa?"

Ya dube ni kamar na faɗi abin dariya. "In daina? Wa zai tsaya musu? Koci ya ce tirenin dai ina nan, mota ce kawai ba zan shiga ba."

Washegari kuwa ya tafi, ya kori awaki, ya tsince tsidau, ya tsaya aka yi ta narka masa. Sauran ukun ba su sake zuwa ba. Shi ko a jikinsa. Ni ce abin ya dama. Ina kallonsa yana birgima a ƙasa saboda mutanen da za su shiga mota su bar shi a tasha, sai in ji hawaye. Na ce a raina, da mahaifinsa na da rai da ba a yi masa haka ba. Ga shi kuwa mahaifin nasa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa son ƙwallon ba, aikin banza yake ce mata.

A yadda na taso, idan aka danne wa naka haƙƙi, ba ka zama. Ana neman babba a kama ƙafa. Haka aka yi da aka so a ƙwace mana gona, haka aka yi da aka kori ƙanena daga wurin aiki, kuma duk an dace. Ban san ƙwallo tana da nata tsarin ba. Ban kuma yi shawara da kowa ba, don na san za a ce uwa ba ta fitowa fili a kan ɗan fari, abin kunya ne. Na ajiye kunyar. Ranar Juma'a da hantsi na yafa mayafi na tafi gidan Alhajin nan. Mahaifinsa da maigidana sun yi zaman kara tare, a kasuwar shanu, saboda haka ba baƙuwa ba ce ni a gidan.

Ya fito zaure ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, "Inna, da kanki? Ai da aike kika yi."

Na ce, "Alhaji, maganar ba ta aike ba ce. Duk wanda ya iya bugu a ƙungiyarka, a jikin ɗana ya koya. Dogon da kuke taƙama da shi, wa ya koya masa faɗuwa? Shekara bakwai ina gasa masa ƙugu. Yanzu da abin ya yi daɗi, shi ne za a bar shi a tasha?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Wallahi Inna gaskiya kika faɗa. Sai dai koci ne ke zaɓe."

Na ce, "Kocin wa ya ɗauko shi?" Sai kuka ya ƙwace mini, na ambaci maigidana, na ce maraya ne ba shi da mai tsaya masa. Mutum mai gemu da 'ya'ya biyu, na kira shi maraya. Alhaji ya rikice, ya ce, "Ya isa, Inna, ya isa, don Allah. An gama."

An gama ɗin kuwa. Ranar Asabar aka mayar da sunansa. Abin da ban yi tunani ba shi ne, kafin a sa wani sai an cire wani. Aka cire wani ɗan baya, saurayi daga wani ƙauye ta wajen Sandamu, wanda kullum a keke yake zuwa, kuma kowa ya shaida ya iya. Ɗana ya shigo yana mamaki, ya ce bai san me ya faru ba, koci ko kallonsa bai yi ba da yake faɗa masa an mayar da shi. Na ci gaba da tankaɗena. Har na ji daɗi a ranar, Allah ya yafe mini.

Magana ba ta kwana a Daura. Direban Alhaji yana ƙofar zaure lokacin da nake kuka. Ranar Litinin ina kan soro, 'yan gaba suka jeru kamar kullum, ɗana ya tsaya a raga ya ware hannu. Na farko ya zo da gudu, da ya iso sai ya tsaya, ya tura ƙwallon a hankali da gefen ƙafa, ta gangara kamar ana ba jariri. Na biyu ma haka. Na uku ya ɗaga murya, har ni na ji: "A bi a hankali, jama'a, kada Inna ta kai mu ƙara!" Suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Yaya, in ka faɗi ka kira ta, tana kan soro!" Suka juyo gaba ɗaya suna kallon gidanmu. Na durƙushe a bayan rawanin soro, barkono yana shiga mini ido.

Koci yana tsaye, usur a baki, bai busa ba. Dogon golan nan da ɗana ya raina da hannunsa yana jingine da ƙarfen raga, bai yi dariya ba, bai kuma ce uffan ba. Wannan shirun nasa har yau ban yafe ba. Na sani ni na jawo. Amma mutanen nan sun sha ruwa a randata, sun ci ɗanwakena. Shekara bakwai bai ishe su su ja shi gefe su tambaye shi ko da saninsa aka yi ba?

Kwana uku yana zuwa, kwana uku suna gangara masa ƙwallo. Ya dawo kayansa ko ƙura babu. A na ukun ya same ni a madafa, ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Inna, kin je gidan Alhaji?"

Na ce, "Na je."

"Me na yi miki?"

Na ce, "Haƙƙinka na nema."

Ya ce, "Ina da wurina, Inna. Ba a takarda yake ba, amma ina da shi. Yanzu ga sunana a takarda, ba mai buga mini ƙwallo." Bai ɗaga murya ba. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Da safe ya je ya sami koci ya ce a cire shi a mayar da na Sandamu. Aka aika, aka ce ya riga ya tafi Legas neman aiki. Saboda haka wurin ya tafi a banza, ba ɗana, ba shi. Ni na yi wannan, da mayafina da hawayena.

Ƙungiya ta tafi gasarta, kuma ba zan ce sun sha kashi don babu shi ba, sun yi ta cin wasa. Ɗana kuwa sai ya daina rufe rumfa da la'asar, yana can cikin baƙin mai har magariba. Ya yi ƙiba, ya rage dariya. Ni ma na daina hawa soro, a tsakar gida nake shanya, kaji suna ci.

Bayan kamar wata biyar, wata Asabar da hantsi, aka yi sallama. Kocin ne. Suka zauna a zaure, ni ina bayan ƙyaure, ban ɓoye ba, saurare nake yi. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Yaya, gaskiya muna cikin matsala. Na Kanon ya ce shi ba buhu ba ne da za a yi ta duka, bugu goma ya ce ya gaji. Dogo kuma ka san ba ma sa shi wannan aikin. Yara ba su da wanda za su koyi bugu a kansa. Ga faɗa kullum, ba mai rabawa. Abin da ya wuce ya wuce. Ka dawo mana."

Ka dawo mana. Bai ce sun yi kuskure ba, bai ce a yi haƙuri ba. Jiki suke nema wanda zai faɗi ya tashi. Duk da haka, wallahi, zuciyata tana cewa ya karɓa, don na san abin da filin nan yake a wurinsa. Bakina ya cika da magana. Na kama ƙyauren da hannu biyu na danne ta.

Ɗana ya ce, "Koci, na gode da ka tako. Amma ko sun buga da ƙarfi yanzu, ba zan san ko don ni suka buga ba ko don an ce su buga. A gaida yara."

Ya raka shi ƙofa. Da ya dawo ya gan ni a tsaye, ya san na ji. Na ce, "Ka yafe mini." Ya ce, "Haba Inna, na yafe," da sauri, yana neman makullin rumfa, ya fita. Shekara shida ya ƙara a duniya kafin ciwon hanta ya ɗauke shi, kullum sai ya wuce ta gefen filin nan zuwa aiki, bai sake taka cikinsa ba.